Sikocin da Na Ɓare a Motar Yaya

Mun tashi daga Arlit da asuba, gari bai waye ba. Ni ke tuƙi, matar Yaya na baya da 'ya'yanta biyu. Bayan sadakar arba'in ɗin Yaya ne, zan mai da su gida Tawa a motar da ya bari.

Tun yana raye Yaya ke kukan fitilun motar nan. Farare ne fat, irin na zamani, a dunƙule suke, ba a sake masu ampul, wato ƙwan fitila, sai dai a sayi fitilar sukutum. Ga shi abin rage hasken ya mutu, makanisiyen garin duk sun gaza. Ana gobe tafiya, da yamma da nake wankin motar, na ga baƙin sikoci, wato salatif, manne a saman kowace fitila. Na ce bai kamata iyalinsa su shiga gida da mota kamar ta 'yan gwangwan ba. Na ɓare shi tas.

Hanyar Agadas kuwa sunan gudron, wato kwalta, kawai ya rage mata, ramuka sun cinye sauran. Ba mu yi nisa ba wani kamiyo, babbar motar kaya, ya taho, yana ta ƙyafta mana fitila. Na murɗa, na danna, haske bai ragu ba. Ina kallo ya kauce, ƙafafunsa suka nutse cikin rairayi.

Direban ya sauko, dattijo ne mai rawani, mutumin ƙasar Ayar.

"Kai yaro, makanta ni za ka yi?" Ya dubi motar, ya yi turus. "Ai ta Mai Sikoci ce. Shi bai taɓa kashe wa kowa ido a hanyar nan ba. Ina yake?"

Daga baya matar Yaya ta ce, "Baba, Allah ya yi masa rasuwa."

Dattijon ya tsuguna ya yi addu'a mai tsawo. Bai ƙara yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Muka yi ta haƙa har rana ta take. Da kamiyon ya fita ya dafa shayi, ya ba yara dabino, sannan ya ɗauko sikoci ya manna da hannunsa, daidai kan tabon na dā, don ya tare hasken.

Mun kwana Agadas, inda isansi, wato man mota, ya yi ɗan karen tsada. Washegari muka isa Tawa lafiya. Ƙanena ya fito tarye, ya kai hannu zai ɓare sikocin.

Na riƙe hannunsa. Duk abin da Yaya ya taɓa mannawa, yanzu sai na tambaya kafin in taɓa.