Turaku Huɗu na Zaidu Magini

Ranar Laraba ce, ƙarshen bazara. Hadari ya haɗo daga gabas tun hantsi, baƙi ƙirin, yana ta ruri, amma har la'asar bai zubar da ko ɗigo ba. Zufa kawai ya bar mana. Na riƙe ranar ne don a cikinta anka ɗauko na'ura tun daga Yamai ta gaya mana abin da Zaidu magini ya yi sati biyu yana faɗi ba mai saurare.

Zaidu mutumin Gechame ne, tsarana, tare munka yi kiwon awaki. Shekara biyu ya yi a lakkol, makarantar boko, ya fito da lissafi da tabon bulala. Ubansa maginin rumbu ne, kuma a wurinsa ya gaji wata ɗabi'a: ba ya ɗora komi sai ya zana shi a ƙasa da toka, daidai girmansa, ya shiga ta ƙofa ya fita ta ƙofa. Yakan ce ɗakin da ba ka taka da ƙafa ba tun yana kwance, kada ka tashe shi tsaye. Shekara arba'in yana gini tsakanin Dogon Dutsi da Tibiri, siminti ya kori laka, tokar ba ta bar hannunsa ba. Samarin magina na ce masa Mai-toka. Su, Allah ya hore musu sauri. Kafin ya gama zane sun kai gini taga, kafin damina biyu kuma an sake kiransu gyara. Ka ga ba su rasa aiki.

Shi ne ya rasa. Ya kusa shekara ba wanda ya neme shi, sai ga wata ƙungiya za ta gina ɗakin haihuwa a wani ƙauye kusa da garinmu. Wanda ya samu kwangilar Yazid ne, mai shagon siminti da kwano a Dogon Dutsi, mai waya biyu, wanda ke gyara wa mutane sahu a masallaci. Ya ɗauki Zaidu don maginan birni sun ƙi kwana ƙauye. Ni kuma anka ba ni gadi. Zaidu ya sani, ni ma na sani, da shekara sittin da uku da gwiwa mai ciwo, in wanga aiki ya kuɓuce ba wani babba a bayansa.

Takardun zane kashi uku anka kawo. Ɗaya ta mai zana ɗakuna, ɗaya ta mai lissafin ƙarfe da ginshiƙai, ɗaya ta mai ruwa da wuta. Masana uku, kowa da ofishinsa mai sanyi, duk a Yamai guda, sai dai Allah bai ƙaddara sun taɓa gaisawa ba. Kowace takarda kyakkyawa ce in ka dube ta ita kaɗai.

Zaidu ya sa anka share fili. Barthélemy mai aikin famfo yana karanta masa faransanci, shi yana ja da igiya. Bango da toka, ginshiƙai da jar ƙasa, hanyar tiyo da waya da garin gawayi, duk a kan juna. Kwana uku sunka yi. Inda abu ya hau kan abu sai ya kafa turke ya ɗaura masa tsumma. Turaku huɗu ya kafa.

Yazid ya iso ya tarar ba a zuba ko kwano guda na kankare ba.

“Baba Zaidu, mi kake shukawa? Hatsi ko wake?”

“Takardunka nake gwadawa, Alhaji. Zo ka ga wani abu.” Ya kai shi turken farko. “Nan ƙofar ɗakin haihuwa ce. Wanga ja kuma ginshiƙi ne. A tsakiyarta yake.”

“Waɗanda sunka zana wannan shekara bakwai sunka yi a jami'a.”

“Allah shi ƙara musu. Ni tambayata, mai naƙuda ta dama za ta raɓa ko ta hagu?”

Barthélemy ya juya baya yana tari. Yazid bai yarda ya ƙarasa sauran turakun ba. Ya ce shi an ba shi takarda da hatimi, ba a ba shi toka ba, kuma in Alhamis ta sama ta yi ba a zuba kankare ba zai kawo wanda ya san darajar ilimi.

Na samu Zaidu a gindin aduwa na ce, “Ka zuba musu mana. In ya toshe, ai ba kai ka zana ba.”

Ya ce, “Wa zai tuna wanda ya zana? Cewa za a yi ginin Zaidu.”

Bai kuwa zuba ba. Kullum da safe yana bin layukansa yana ƙara toka inda awaki sunka taka. Barthélemy ne ya hau kan tulin bulo ya ɗauki hoton filin da waya, ya aika wa injiniyar ƙungiyar, wata Shamsiyya.

Ita ce ta zo ran Larabar nan, saura kwana ɗaya wa'adi ya cika. Ta zauna a kan bulo ta buɗe na'urarta. Ta ce ta bi masanan nan ɗaya bayan ɗaya ta karɓo zanensu, ta zuba su wuri guda. Sai ga ginin tsaye a cikin gilashi, tana juya shi da yatsa, ana ganin ƙarfensa da tiyonsa kamar an feɗe akuya. Duk inda abu biyu sunka yi karo sai wurin ya yi ja. Wuri uku sunka yi ja.

Yazid ya leƙa ta kafaɗarta ya ce, “Kin ga ilimi. Dama ni hankalina bai kwanta da takardun nan ba.”

Shamsiyya ta tashi da na'urar a hannu tana bin jan. Na farko, ginshiƙi a ƙofa, ta tarar da turke. Na biyu, tiyon ruwan datti ya ratsa gindin wani ginshiƙi, turke. Na uku, akwatin wuta a tsakiyar taga, turke. Ta tsaya a na huɗu, can gefen da za a yi makewayi, ta duba gilashi ta sake dubawa.

“Baba, nan ba ja.”

“Ba zai yi ja ba, ɗiyata. Na'urar taki tana sallah?”

Ya shiga cikin zanen tokar ta ƙofa, yadda ya saba, ya dafa gwiwa ya tsuguna a kan da'irar gawayi inda ramin zai kasance.

“Ina nake kallo?”

Duk munka bi idonsa. Hadarin nan na tsaye a gabansa.

Ta ce, “Gabas.”

Barthélemy ya ce, “Ni da nake zuwa coci na san ba tsohuwar da za ta tsuguna tana fuskantar alƙibla. Bayan katanga za su zagaya. Akwai irinsa a wata lakkol, harawa ake ajewa ciki, kuma tana ajuwa da kyau.”

Na dubi Yazid ko zai ce nan ma hankalinsa bai kwanta ba. Wayoyinsa yake dubawa, duka biyun.

Shamsiyya ta sa yatsa a gilashin ta juya makewayin ya dubi kudu. Ta ce kada a zuba komi sai ta dawo, kuma kada a canja magini. Da safe ruwan ya sauko ya wanke toka da gawayi tas, ya bar turaku huɗu a tsaye.

Sati uku takardu sunka yi a Yamai. An ce har masanan uku sun zauna ɗaki guda, ashe mai yiwuwa ne. Zaidu ya gama ginin bayan girbi. Ranar buɗewa anka yi jawabi, Barthélemy na fassara mana a kunne. An gode wa ƙungiya, an gode wa Yazid saboda sa ido, an yi wa na'ura yabo mai tsawo, wai ita ta hana a yi kuskure. Zaidu na can baya yana naɗe igiya. An ba shi lemo.

Yazid ya samu kwangila biyu bayan wannan. Bai kira Zaidu ba ko sau ɗaya. Ba na ganin laifinsa sosai, zama da wanda ya yi gaskiya a gaban jama'a akwai nauyi.

Ɗakin haihuwar na aiki, gado na shiga ta ƙofa ba sai an karkata shi ba, makewayin kuma ana shiga. Zaidu yana Gechame, yana noman hatsi, gwiwar ta hana shi hawa tsani. Bara ya gina rumbu biyu.