Hancin Aisata Mai Turare

A unguwarsu a Dakoro, in aka ce Aisata mai turare ba a buƙatar ƙarin kwatance. Tun tana yarinya a Roumbou ta koyi haɗa turaren wuta wurin goggonta, ta zo da sana'ar gidan aure, ta tsufa a cikinta. Hancinta ne jarinta. Mace za ta shigo da sallama, kafin ta zauna Aisata ta ce, "Miyarki ta kama yau," kuma haka ne. In aka kawo mata kajiji, sau ɗaya take sunsunawa ta san ko ya sha ruwa a hanya.

Wari ɗaya ne ba ta iya zama da shi, warin taba. Mijinta Malam Abdurrazak dillalin dabbobi ne, mutum mai fara'a, sai dai karan taba ba ya rabuwa da leɓensa. Tari ya fara masa kamar wasa, ya ƙare yana kwana a zaune, ita tana riƙe masa ƙwaryar tofa kaki. Tun da ya rasu, ko baƙo ya shigo da warin taba a riga, sai ta tura masa kaskon turare gabansa.

Jikanta da ke hannunta sunan marigayin ya ci. Don haka ba ta taɓa kiran sunansa ba, kamar yadda ba ta taɓa kiran na mijinta ba tsawon zamansu. Maigida take ce masa, shi kuma ya ce mata Amarya. Ubansa Jamilu, autanta, ya tafi neman kuɗi Aljeriya, uwar ta yi wani aure a Ɗan Gulbi. Ranar da Jamilu zai hau mota abu ɗaya ya roƙa.

"Inna, ko mi zai yi, kada shi ɗauki abin da ya kashe Baba."

"Da hancina a fuskata?" in ji ta. "Tafi abinka."

Ta kuwa riƙe alkawari yadda ta iya. Duk ranar wanki, kafin ta tsoma rigar yaron a ruwa sai ta kai wuyan rigar hancinta. Zufa take ji, da man moto, wani lokaci hayaƙin gawayin shayi. Sai ta tsoma da kwanciyar rai.

Shekarar da ya faɗi jarrabawar birebe ta gama kwaleji, yaron ya sauya. Abokansa biyu sun wuce lise, makarantar gaba, a Maradi, shi ya tsaya maimaita aji da yaran da ya girme su. Uban ya kira a salula, ya yi faɗa, layi ya yanke, aka daɗe bai sake kira ba. Abdurrazak ya rage magana a gida, ya koma zaman fada bakin hanya wurin samarin da suka girme shi, suna shayi suna kallon bidiyo a waya. Aisata ta gani, amma ta ce yaro ne, zafin faɗuwa ne, zai huce. Rigarsa dai ba ta warin taba.

Sai ma wani ƙamshi da ta fara ɗauka, mai zaƙi, kamar mangwaro da na'ana'a. Wata ranar wanki ta laluba aljihu ta ciro wani ɗan abu mai ruwan ɗorawa, tsawonsa bai kai bik na rubutu ba, da ɗan baki a sama. Ta sunsuna, ta yi murmushi. Turaren zamani ke nan, in ji ta a ranta. Ta goge shi da gefen zane, ta ajiye a kan kwanonin jerenta kada ruwa ya taɓa.

Da ya dawo ta miƙa masa tana kanne ido.

"Maigida, wace ce za ka yi mini kishiya da ita? Ni da ke sayar da turare, ka tsallake ni ka sayo na kanti?"

Ya tsaya kamar an dafa shi, sannan ya yi dariya ya karɓe. "Naki na tsofaffi ne, Amarya."

"Ka ji marar kunya. Da na tsofaffin aka auri kakarka."

Har daɗi ta ji. Yaron da ke sayen turare, ai ya fara son kansa ke nan. Tarin da yake yi da safe kuwa, ta ce sanyi ne, ta riƙa dama masa citta da zuma.

Ƙamshin ya tsaya mata a rai irin na mai sana'a. 'Yan matan yanzu sun fara cewa turarenta ya yi nauyi. In ta samu man wannan ta zuba kaɗan a haɗinta, amaren bana duk nata ne. Wata ranar kasuwa, ya fita wanka ya bar abin kan tabarma, ta ɗaure shi a bakin mayafi ta nufi rumfar Na'Allah, wanda ke kawo mata kayan haɗi daga Maradi.

"Irin man wanga nike so," ta ce, ta kwance.

Na'Allah ya dubi abin, ya dube ta. "Hajiya, ina kika samo shi?"

"Na maigidana ne. Kana da shi ko babu?"

"Wanga ba turare ba ne. Puf yara ke ce mishi. Zuƙa ake, hayaƙi shi fito." Ya sassauta murya. "Abin da ke kama mutum a taba, shina ciki. An dai sa mishi ƙamshin alewa don shi yi daɗin baki. Nawa ɗan ma na kama shi da shi."

"Ba ya wari," in ji Aisata.

"Shi ya sa suke so."

Ba ta sayi komi ba ranar. A hanya tana tafe tana tuna yadda ta goge abin da zanenta, ta adana shi, ta miƙa masa da hannunta tana dariya. Ta tuna cittar da take damawa. Ta zauna gindin wata bishiyar bedi ta huta, sannan ta ƙarasa gida.

Ta tarar da yaron tsakar gida ya birkice tabarma da filo, ya zazzage littattafan jakar lakwal, gumi a goshinsa.

"Amarya, ba ki ga..."

"Abdurrazak."

Ya daskare. Tunda aka haife shi bai taɓa jin sunan a bakinta ba. Ita ma da ya fito sai ta ji kamar mutum biyu ta kira, kuma ɗaya ba zai amsa ba. Ta zauna bakin turmi ta buɗe tafin hannunta.

"Zauna. Ba duka zan yi ba, ba ni da ƙarfin. Mai sunanka, ni na riƙe mishi ƙwarya. Na san ƙarar tarin nan tun yana ƙarami. Na ji shi a ɗakinka na ce sanyi ne, don hancina bai gaya mini komi ba."

Ya durƙusa, kansa ƙasa. Da ƙyar maganar ta fito, gutsi-gutsi. A fada aka fara miƙa masa, kowa na ja, ana dariyar wanda ya ƙi. Sun ce ba taba ba ce, tururi ne kawai. Tun da sakamakon jarrabawa ya fito shi ne abin da ke kwantar masa da ƙirji. Yanzu in bai ja ba kansa ke sarawa, ko karatu ba ya shiga.

"In Baba ya kira kada ki gaya mishi."

"Kai za ka gaya mishi, ina zaune kusa da kai. In ya yi faɗa ni zan amsa, ni ya bar wa amana. Gobe kuma mu je likita shi saurari ƙirjin nan."

Ya share ido da bayan hannu, ya ɗan dube ta ta gefe. "Kina ganin sauƙi ne bari? Ke fa goronki? Ko sallar asuba ba ki gamawa sai kin ɓantara."

Aisata ta kai hannu bakin zanenta. Goro abokinta ne tun mutuwar mijinta. Ta kwance ɗan tsumman da take jiƙa shi a ciki, ta dube shi, ta ajiye a gabansa.

"Riƙe nawa, in riƙe naka. Wanda ya fara roƙo shi ne raggo."

Ba a yi abin cikin sauƙi ba. Kwanakin farko gidan ya cika da mutum biyu masu ciwon kai, kowa na harara. Sau ɗaya ya koma fada ya dawo da ƙamshin mangwaro, ya faɗa da bakinsa kafin ta tambaya, suka sake daga farko. Da la'asar, lokacin da ya saba fita, takan ce hannunta ya gaji, ta miƙa masa taɓarya ya daka mata kajiji, yana daka yana karanto mata darasinsa da Faransanci, tana gyaɗa kai kamar tana ji.

Har yanzu ranar wanki takan kai riga hancinta, don sabo. Amma da safe, in ta idar da salla, takan tsaya jim a ƙofar ɗakinsa da buta a hannu, tana sauraren numfashinsa. In ta ji shi sumul, sai ta buga ƙyauren.

"Maigida, tashi. Rana ta fito, amaryarka na jin yunwa."

"Goro dai kike ji," in ji shi daga ciki.