Sandar Yaya da Sungumi

Yayana ya dawo daga Kano ana cikin girbin dawa, a shekarun nan da ake ta raɗe-raɗin Turawa za su tafi su bar mana ƙasa. Cirani ya tafi tun ina yaro, ciranin ya zama zama. Sai dai duk faɗuwar ruwan fari yakan zo ƙauyenmu na kusa da Yako ya yi shuka ya koma. Wannan dawowar kuwa ta gaba ɗaya ce. Abin da ya shigo da shi bai wuce ƙunshin tufafi ba, da tari mai nauyi, da wata doguwar sanda mai kan ƙarfe. A aljihunsa akwai 'yan ƙwallaye farare masu tauri, kowanne kamar ƙwan zabo.

Ni a lokacin ina koyarwa a makarantar elemantare a Bebeji. Ina da keke, ina da farar riga, ina kuma da zuciya a kusa, kowa ya san ni da ita. Ranar da babu makaranta nakan hau keke in zo gida. Zuwana na farko bayan dawowarsa na tarar da shi zaune a kan tabarma a gindin ɗorawar da ke gonar bayan gida, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa sannu da jiki. Ya ce da sauƙi, kamar yadda kowa ke cewa.

Aikin da ya yi a Kano shi ne gyaran wani fili da Turawa ke wasan da suke kira golf, yana yanke ciyawa yana baje yashi. Wasan ba wani abu ba ne, ka ajiye ƙwallo a ƙasa ka buge shi da sanda ya yi nisa, ka bi shi har ka jefa shi a rami. Da rana tsaka, in Turawa sun shige inuwa, shi da abokan aikinsa sukan ɗauki tsohuwar sanda su gwada. A haka ya ƙware. Wani Bature da zai koma ƙasarsu ya gan shi yana bugawa, ya bar masa wannan sandar.

Ya ce da ni, "Malam," haka yake kirana don tsokana, "mutanen garin nan suna cewa na ƙarar da ƙuruciyata a Kano ban dawo da komai ba, kuma ba su yi ƙarya ba. Amma abu ɗaya na iya a duniya, na iya shi da kyau, kuma ba wanda ya taɓa gani a gidan nan. Yanzu ko ɗaga sandar nan na yi sai tari ya tuƙe ni. Ina so in sake ganin bugun nan ko sau ɗaya, ko da a hannun wani ne."

Ya nuna mini ƙoramar da ta raba gonarmu da ta maƙwabta, ya ce in ƙwallo ya tsallake ta, ya gamsu. Na dubi ƙoramar na yi dariya a raina. Ni da na yi ƙwallon ƙafa a makaranta, wannan ɗan ƙwan ne zai gagare ni?

Ya gagare ni kuwa. Bugun farko ƙasa na tona, ƙura ta tashi, ƙwallo yana nan ko gezau. Na biyu na same shi a ka, ya gangara kamar taku goma ya tsaya a jikin kututturen kara. Matar Yaya tana leƙe ta kan danga, ta ce, "Malam, in huɗa kake so ka yi mana, bari in kawo maka garma, ai ta fi wannan faɗin baki." Tsakanina da ita akwai wasa, amma ranar ban ji daɗinsa ba.

Haka muka ci rani. An kwashe amfanin gona, fili ya zama fetal, mu kuwa mun san aronsa muka yi, da ruwa ya sauka an shuka shi wasa ya ƙare. Duk zuwana sai mu fita bayan la'asar. Ya gyara mini riƙo, ya tura ƙafata da tasa, ya koma tabarma yana haki. In buga, ya girgiza kai.

"Ƙarfi ya yi yawa. Faɗa kuke yi da shi?"

"To in ban sa ƙarfi ba yaya za a yi ya tafi?"

"Kan sandar yana da nauyinsa. Ka bar shi ya faɗo da kansa, kai rakiya ce taka. Kamar sungumi."

Kullum maganarsa ke nan, kamar sungumi, kamar sungumi, har ta ishe ni. Sungumi ai na san shi, doguwar fartanyar nan da ake saran shuka da ita, mutum na tafe a tsaye yana buɗe ramuka, na baya na zuba iri yana rufewa da diddige. Sai in ce to, in sake zabga wa ƙasa sara. Abin da ni da shi ba mu lura ba shi ne ban taɓa riƙe sungumi ba. Ina ƙarami ni ne mai bin bayansa da ƙoƙon iri. Da aka kai ni makarantar kwana, hutu ba ya zuwa sai shuka ta tsiro, in tarar da noma, in duƙa da fartanya in yi ta dukan ƙasa da iyakar ƙarfina. Hannuna abin da ya sani ke nan.

Mutane suna wucewa ta hanyar rafi suna kallonmu. Wani dattijo ya tsaya ya ce, "Malam, boko ne ya kawo wannan kuma?" Na haɗiye amsar da ta zo mini baki, don sa'an mahaifinmu ne. Wata rana da zafi ya tsananta na buga har tafin hannuna ya yi kanta, ƙwallo ɗaya ya tsage, wani ya shige cikin ƙaya. Na yi tsaki na yar da sandar na ce wannan wasan mahaukata ne, Allah ya raka taki gona. Yaya ya miƙa hannu daga kan tabarma. Ya jawo sandar ya goge kanta da gefen rigarsa, ya ajiye a cinya. Da na huce na dawo, ya miƙo mini ita kamar ba abin da ya faru.

Na so shi ƙwarai, kuma ina jin haushinsa a lokaci guda, don ya ɗora mini abin da na kasa. Ina kallonsa yana ƙarewa. Da farko da ƙafarsa yake zuwa gindin ɗorawa, daga baya sai na riƙe shi, daga baya kuma sai na goya shi. Ba shi da nauyi ko kaɗan, kuma wannan ya fi komai ba ni tsoro. An yi jiƙe-jiƙe, an yi rubutu, an kai shi wurin malamin asibiti a Bebeji, tarin ya ci gaba da fitowa da jini. Da gajimare suka fara haɗuwa a gabas ya daina fita gaba ɗaya. Ɗakinsa yana jingine da dangar gona, daga shimfiɗarsa yakan ji in ina bugawa. In na shigo sai ya ce, "Na ji. Har yanzu noma kake."

Ruwan fari ya sauka wata Alhamis da yamma, ruwa mai yawa, na shuka. Na taka keke cikin taɓo na iso gida. Gari na wayewa kowa ya fita gona, mu kuwa ba mai yi mana sara. Matar Yaya ta ɗauko sunguminsa daga bayan rumbu ta miƙo mini, ba tsokana a bakinta ranar. Ta ce, "Ka yi gaba, zan bi ka da iri."

Na fara kamar yadda na saba, ina dukan ƙasa kamar na kama ɓarawo. Ramuka suka yi zurfi, taɓo na fantsama a rigata, kafaɗuna suka ɗau zafi tun rana ba ta yi sama ba. Ta ce in na ci gaba haka gero ba zai ga hasken rana ba. Na ci gaba da sara ina haki. Can wajen azahar gajiya ta ci ƙarfina, na kasa ɗaga sungumin yadda nake so, sai na bar shi yana lilo da kansa. In taka, ya tafi baya, ya dawo ya taɓa ƙasa ya buɗe rami daidai, ya wuce. In sake takawa, ya sake. Na ji ƙugu na juyawa ba tare da na sa shi ba. Na tsaya cak a tsakiyar gona, hawaye ya zo mini, don abin da bawan Allahn nan ya yi rani guda yana faɗa mini ke nan.

Da muka gama, la'asar ta yi sanyi. Ban ko wanke ƙafa ba na shiga na ɗauko sandar. Yaya yana kwance ido a rufe, zazzaɓi ya rufe shi tun safe, ba yadda za a fito da shi. Na tsaya a gindin ɗorawa, inda ba a shuka, na ajiye ƙwallo. Hannuwana sun mutu, ko na so sa ƙarfi babu shi. Na kai sandar baya a hankali na bar ta ta dawo.

Ban ji na bugi komai ba. Ƙara ce kawai ta fito, siririya, ƙal. Ƙwallon ya tashi ya yi ta tafiya, ya tsallake ƙoramar da ta kawo ruwa, ya faɗa can cikin gonar maƙwabta da aka shuka ranar. Na juya wurin da tabarmarsa take zama, ba kowa.

Na shiga ɗakin da taɓo a ƙafata, na durƙusa kusa da kansa na ce, "Yaya, ya tsallake." Ya daɗe kafin ya buɗe ido. Ya dube ni kamar wanda aka tasa daga barci mai daɗi.

"Kai ne?" in ji shi. "Na ji ƙarar. Na zaci ni ne na buga."

Na ce ai shi ne. Ya ɗan yi murmushi ya mayar da ido ya rufe. Na fita zaure na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro.

Bai ga tsirowar geron ba. Allah ya karɓi abinsa kafin mako ya zagayo, muka kai shi ana yayyafi. Ƙwallon kuwa ban je nema ba, ba a shiga gonar mutum a tattake masa shuka saboda wasa. Sai da kaka ta yi, maƙwabcinmu yana girbi ya tsince shi a gindin kara, ya yi ja da ƙasa. Ya kawo har gida ya yi sallama, ya ce a ba Malam, na marigayi ne.