Kwalbar Bashiru da Na Wanke

Shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar ƙanena Bashiru, kuma har yau idan zan wanke ƙaramar kwalba sai na ɗaga ta ga haske tukuna. Jikokina suna yi mini dariya. Su yi ta yi, ni na san abin da ya same ni.

Mu a Garwa turare muka gada. Da shi kakanmu ya zo daga Kano, ni kuma humra nake haɗawa ina ɗurawa a kwalaben allura da aka gama da su. Bashiru ne ya bi boko har Yawunde, ya dawo yana aiki a labo, ɗakin gwaje-gwaje, yana binciken ciwon hanta, wanda shi ya raba mu da Baba.

Ran nan ana tsakiyar zafi kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke a wurin aikinsu, injin ma ya ƙi tashi. Sai ga shi a babur, gumi sharkaf. Firigona na gas ne, a ciki nake daskarar da folere, wato zoɓon da nake sayarwa. Ya cusa wata 'yar kwalba can ƙurya, ya ce kada kowa ya taɓa. Na ce to, hankalina yana kan tukunya.

Bayan kwana uku ina haɗa saƙon masu biki daga Gider, kwalba ɗaya ta kasa. Na tuna da tasa. Na ɗauko na duba, wayam, ba ruwa ba gari. Na ce lallai yaron nan, ya kwashe abinsa ya bar mini shara. Na wanke ta tas da sabulu, na shanya, na cika ta da humra.

Da ya zo ɗauka, ni da bakina na ba shi labari, har ina yi masa faɗan ƙazanta. Sai na ga ya zauna a ƙasa. Ya ce abin da ke ciki sunansa intaferon. Jikin mutum ne ke yin sa idan ƙwayar cuta ta shigo, don ya faɗakar da sauran jiki. Masana sun koya wa wasu ƙananan halittu yin irin na mutum sak, a busar da shi, kuma ɗan abin da ake sawa a kwalba ido ba ya ganinsa. Malaminsa ne ya riƙo masa shi cikin ƙanƙara daga Turai, bayan jiran wata da watanni, don ya gwada a jinin masu ciwon.

Wallahi na so ya zage ni. Sai ya buɗe kwalbar ya shinshina, ya ce, “Adda, ai kuwa kin iya humra.” Nan na fashe da kuka.

Shekara guda ya yi kafin wata kwalbar ta iso. Ita kam da ya kawo ajiya, ya manna mata takarda da rubutun Hausa ɓaro-ɓaro: “Adda, da abu a ciki.” Abin da ban sani ba, tun kafin kwalbar farko ta zo, ya gwada kansa, ya ga ciwon Baba yana jikinsa ya yi nisa. Ashe cikin 'yan shekarun da suka rage masa na wanke guda.

Da ya kwanta ciwon ajali na kasa riƙewa, na roƙe shi gafarar shekarar nan. Ya ce in bar zancen. A wannan zaman jiran ne ya bi danginmu gida-gida yana ɗibar jini, daga nan har Bibemi, ana ce masa mai neman ciwo da ƙarfi. A nan aka gano ciwon a jikin ɗana Nasiru tun bai ci ƙarfinsa ba. Nasiru ya sha allurar intaferon ɗin, ya sha zazzaɓi da rawar ɗari, ga shi yau da 'ya'ya uku da ƙaton tumbi.

Nakan ce da Bashiru zai leƙo yanzu, me zai ce? Tashin hankalin da ya sa muka rage bin hanyar Marwa zai ɓata masa rai, kuran ma bai daina halinsa ba. Amma zai ga jarirai suna karɓar rigakafin hanta, masu ciwon da yawa ƙwaya suke haɗiya, mata kuma suna kai kansu gwaji ba wanda ya ja su. Na san dariyar da zai yi, mai girgiza kafaɗa.

Humrar nan ban aika ta Gider ba, tana cikin adakata. 'Yarsa Nafisa kuwa labo ta shiga ita ma. Bara ta ja ni na ga wurin aikinta, ta buɗe firigo, ga 'yan kwalabe jere kamar ba komai a cikinsu. Na maida hannuwana baya na harɗe. Ta yi dariya, ta juyo mini da akwatin da suke ciki. A jikinsa ta rubuta da hannunta: “Goggo, da abu a ciki.”