Takin Juji da Hannun Ƙanena

Ni mutum ne mai zuciya a kusa, duk unguwarmu a Wurno an sani. Shekarar da munka raba fadamar mahaifinmu ni da ƙanena, ko sallama da ƙyar muke yi, don ina ganin shi ya samu gefen da ya fi laima.

Na rantse sai albasata ta fi ta ƙanena. Shi ya zuba kashin shanu daga ruga. Ni kuwa na tafi har Achida na kwaso takin wani tsohon juji, baƙi wuluk, amalanke uku, ina ta yi mishi dariya.

Sati uku da dashe, fangalinshi kore shar, nawa ya tsaya cik, ganye ya yi rawaya. Na tuge guda. Saiwar da ya kamata ta fito fara, doguwa, sai ga ta guntuwa, baƙa, ta dunƙule kamar ƙonannen zare. Na tuge goma, duk haka. Nan take na tuna na ga ƙanena shekaranjiya da tankin feshi a bakin iyakarmu. Ban tambayi kowa ba. Na ɗauki hauya.

Yana duƙe yana gyara hanyar ruwa na shaƙo wuyan rigarshi na maka shi da ƙasa.

"Yaya, mi nay yi maka?"

"Ka kashe min albasa, munafuki!"

Na kai mishi ƙotar hauya a kai, ya tare da hannun dama. Na ji ƙarar ƙashi, amma ban tsaya ba, na ƙara, na sake ƙarawa. Jini ya gangara cikin ruwan da yake kora wa albasarshi. Sai da maƙwabta huɗu sunka danne ni.

Kwana biyu bayan haka malamin gona ya zo. Ya duba saiwar, ya tona ƙasar da yatsa, ya tsinto wasu gutsattsari masu launin toka, masu nauyi.

"Ina ka samo takin ga?"

Na gaya mishi. Ya ce bayan jujin nan ake fasa tsofaffin baturan mota. Gutsattsarin nan dalmar cikin batur ce. In ta shiga ƙasa, tsinin saiwa take kashewa. Saiwa ba ta tsawo, ba ta shan ruwa, shuka ta mutu da ƙishi a cikin laima. Ya ce ko abin da ya tsira kada in ba iyali.

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Da kaina na kwaso gubar, ina dariya.

Mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinshi. Ƙanena bai kai ni ƙara ba, bai taɓa tada maganar ba, kuma wannan ya fi min zafi. Ni ke noma mishi yanzu. Duk Juma'a in mun fito masallaci yakan miƙo min hannun nan, yatsu uku a sandare. Ni ke riƙe nashi. Shi ba ya iya riƙe nawa.