Motar Abba da Tasoshina

Jiya na leƙo waje na tarar Malam Isa maigadi yana fito da tasoshin aurena daga gareji. Wai umarnin jikana Abba ne.

Abban nan yana da wata jar mota mai kujera biyu, gajera kamar kunkuru. Ko ƙofar gidanmu ta nan Nassarawa sai ta goga ciki take shiga. Yanzu wai kamfanin ya daina ƙera irinta, shi ne zai lulluɓe ta ya ɓoye a garejin.

Ya ce, "Hajiya, nan gaba roƙona za a riƙa yi in sayar. Wannan tarkacen naki kuwa a kai Tudun Murtala a rabar."

Na ce, "Haba angona! Tasoshin nan an daina yin su tun ba a yi wa ubanka kaciya ba. Ni ma masu sayen nake jira. Ka bi layi."

Malam Isa ya mayar da su yana danne dariya. Motar kuwa tana ƙarƙashin mangwaro, tsuntsaye suna ta yi mata zane.

Jama'a, ni da shi wa zai riga ganin mai saye?