Na Sha Maganin Mamaci, Na Ɓoye wa Lokotoro

A lokacin ni dillalin raƙuma ne a kasuwar Gure, shekaruna sittin da ɗori, ga baki ga ji da kai. Da fitsari ya fara yi mini gardama, fada na kai kukana, wurin dattawan shayi, waɗanda ko ordonas, takardar maganin likita, ba su iya karantawa amma kowannensu likita ne. Ɗaya a ciki, wani sarkin iyayi, ya ce yayansa ya rasu ya bar ƙwayoyin wannan ciwo daga Yamai, kuma zubar da magani asara ce. Na karɓa har da godiya. Wallahi ban ko tambayi abin da ya kashe mai maganin ba. Dubi wauta!

Wata biyar ina sha, fitsari ya sake. Amma babbar 'yata ta matsa, ta kai ni asibiti Damagaram. Lokotoro ya tambaye ni ko ina shan wani abu. Na dubi yaron nan sa'an ɗana, na ce a'a. Suka gutsuri naman furostat, ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, aka aika gwaji. Takarda ta dawo ba a ga komai a fili ba. Ya ce in koma bayan wata uku, ni kuwa na dawo fada ina yi wa masu farar riga dariya.

Shekara ba ta cika ba ƙugu ya riƙe, na kasa ruku'u. Da muka koma asibiti 'yata ta zazzage kwalayen ƙwayoyin a gaban lokotoro, sai ya ce maganin ciwon daji ne na gaske, yana sa naman ya motse, ya canza masa kama, ya rage alamar ciwon a jini. Mai duba naman, in ba a faɗa masa ba, yana iya wuce ciwon bai gane shi ba. Da na faɗi gaskiya, da sun san yadda za su nema. Yanzu ciwon ya shiga ƙashi.

Na raina masu fada, amma wanda na fi rainawa shi ne ni. Su surutu suka yi, ni na haɗiya, ni na yi ƙarya. Maza 'yan uwana, duk abin da kuka sha, ko saiwa ce, ku faɗa wa likita kafin a taɓa ku. Sarkin iyayin nan ya zo duba ni jiya, ya tarar ina salla a zaune. Wai da na ƙara kwali ɗaya da na warke.